Kwalin Kanton da akushin Madarumfa

Wani sabon alfahari ya shigo gari, kuma ta ciki ya biyo. Ma'aikacin da ya je taro Yamai, ko ɗan kasuwar da ya dawo daga saro kaya a ƙasar Sin, da wuya ya tashi daga majalisa bai ba da labarin yadda ya danna wayar salula aka kawo masa abincin Shinuwa cikin kwali har ƙofar ɗaki ba. Sunan da ya fi yawo a bakinsu shi ne dim sum. A Madarumfa, ƴan lakwal da ba su taɓa jin ko ƙamshinsa ba sun san kamanninsa daga hotunan waya, har wasu suna ganin cinsa wani mataki ne na wayewa. A ɗaya gefen kuma akwai masu toshe hanci da zarar an ambaci abincin Sinawa, suna cewa ai mutanen nan ba abin da ba su ci. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya: sun tsaya kan kwali, ba su tambayi abin da ya kai wannan abinci inda ya kai ba. Amsar wannan tambaya ta shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu fiye da yadda ta shafi masu gidajen abinci.

Kafin a yi gardama kan abu, ya kamata a san shi. Dim sum ba sunan girki ɗaya ba ne. Tarin ƴan ƙananan abinci ne da ake ci tare da shayi a lardin Guangdong na kudancin Sin, wanda babban birninsa shi ne Guangzhou, wato Kanton a bakin Turawa, da kuma Hong Kong. Mutanen can ma ba su cewa za su je cin dim sum. Cewa suke za su je yum cha, ma'ana shan shayi. Gidajen shayin Kanton sun bunƙasa tun ƙarni na 19, kuma akwai irinsu Tao Tao Ju da aka buɗe a 1880 wanda har yau sunansa bai ɓace ba. Tsofaffi kan tafi da sassafe su zauna da butar shayi da ƴan kwanoni biyu, su yi hira. Ranar hutu iyali gaba ɗaya ke haɗuwa, daga kaka har jika, a kewaye tebur ɗaya. Ba wanda ke da kwanonsa shi kaɗai: ana ajiye kome a tsakiya. Ƙarami shi ke zuba wa babba shayi kafin ya zuba wa kansa, wanda aka zuba wa kuma ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu a matsayin godiya. Bahaushen da ya taɓa zaman majalisar shayi, ko ya ci ciyayya a ƙofar gida, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan zama.

Shi kansa abincin an yi shi ne don a ci nan take. Har gow ƙullin jatan lande ne cikin fata mai sheƙi da ake yi da sitacin alkama da na rogo, kuma gwanintar mai girki a yawan ninkin bakinsa ake gane ta. Cheung fun shimfiɗar ƙullun shinkafa ce da ake turarawa a naɗe. Lo mai gai shinkafa ce mai danƙo da naman kaza, a ƙunshe cikin ganyen bado na can. Mafi yawansu da tururi ake dafa su, cikin ƴan kwandunan gora da ake jerawa wani bisa wani, kuma cikin kwandon ake kawo su gaban mai ci. In aka juye su cikin kwali, aka rufe, aka ɗora bayan babur rabin awa, fatar ta manne, tururin ya koma ruwa, abin da aka soya ya yi laushi. Wanda ya ci wannan shi kaɗai a ɗakin otel, ido na kan waya, ya biya kuɗin dim sum amma bai ci dim sum ba, kamar dai wanda aka kawo wa masar jiya ce ya ce ya san masa.

Akwai kuma abin da mai alfahari da kwali ba ya son a tuna masa. Siu mai, wanda yana cikin fitattun irin wannan abinci, da naman alade ake yinsa a al'adance. Char siu bao burodi ne na turare da gasasshen naman alade a ciki. Girkin Kanton kan yi amfani da kitsen alade da giyar shinkafa ko a inda ba a ga nama ba. Wanda ya zauna a gidan abinci yana iya tambaya. Wanda ya zaɓi hoto a waya, bai san sunan ba balle ma'anarsa, ya miƙa al'amarinsa ga sa'a. Amma wannan bai zama hujja ga masu toshe hanci ba. A Kanton akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. A unguwar Xiaobei, inda fataken Afirka ke sauka, gidajen abincin halal ba su da wuyar samu. A Hong Kong, a masallacin Ammar da ke Wan Chai, akwai ɗakin cin abinci da ya shahara da dim sum na halal. Ashe matsalar jahilci ce, kuma jahilcin mai kwaikwayo da na mai ƙyama uwa ɗaya ta haife su.

To, me ya kai abincin lardi ɗaya har ya zama abin da duniya ke kira abincin Sin? Ba daga fadar sarki ya fito ba. Talakawan Guangdong ne suka bazu neman abinci, wasu zuwa Amurka bayan gano zinariya a Kaliforniya a 1848. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatan Sin shiga ƙasarta, waɗanda ke ciki kuma aka takura su, sai da yawa suka koma wanki da guga da sayar da abinci. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Hong Kong suka yi irin haka a Ingila. Sun sauya girki don ya dace da bakin masu saye, sun rage wannan sun ƙara wancan, amma da yawa daga cikin sunayen sun tsallake teku da su. Shi ya sa Bature ke karya harshe yana cewa wonton, yana cewa chow mein. A 2009 wani mai girki ya buɗe ɗan ƙaramin shagon dim sum mai suna Tim Ho Wan a Hong Kong, ba a daɗe ba kundin Michelin na Faransa ya ba shi tauraro. Abincin hira da shayi ne ya samu wannan daraja, kuma da sunansa na gida ya same ta.

Yanzu a dubi gida. A bakin ɗan boko, da takardun hukuma, da allunan gidajen abinci, ƙosai ya zama beignet, masa ta zama galette, fura ta zama boule. Waɗannan kalmomi na Faransanci ba fassara suke yi ba, shafewa suke. Beignet na iya zama kowane irin soyayyen ƙullu, ba ya faɗin wake, ba ya faɗin surfe da niƙa da bugu. Boule kuwa dunƙule kawai take nufi, ta bar gero da nono da kayan yaji da damu a waje. Yaron da ya koyi cewa abincin uwarsa ba shi da sunan da ya isa a rubuta, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana ganin duk abin da ya zo da baƙon suna ya fi. Zanen aro ba ya rufe katara. Mutumin da ke iya furta har gow daidai, amma yana jin kunyar rubuta ɗanwake a takardar gayyatar biki, bai koyi kome daga mutanen Kanton ba, domin su abin da suka ƙi yi ke nan.

Kuma ba rashin abin nunawa ba ne. Turare da ake yabon Kanton da shi, matan Gobir da Katsina sun daɗe da saninsa. Madambaci na nan a gidaje, dambu kuwa da tururi yake nuna. Alala ƙullun wake ce da ake ƙunshewa a dafa. Funkaso da masa sai an bar ƙullu ya tashi, wanda ilimi ne na lokaci da zafi da ba a koya a rana ɗaya. Zogalen Jiratawa ya yi suna a kasuwannin Maraɗi, tafkin Madarumfa yana ba da kifi. Ƙananan abinci iri-iri, masu araha, da ake ci ana hira: wannan shi ne bayanin dim sum, kuma shi ne bayanin abin da ke kan tanda da kasko kowace safiya a bakin kasuwa. Wasu ƙasashe sun riga sun gane. UNESCO ta sa kuskus na ƙasashen Magrib cikin jerin gadon al'adu a 2020, ceebu jën na Senegal a 2021, attiéké na Kodebuwa a 2024, kowane da sunansa na asali. A Nijar ma an yi rajistar sunan kilishi da albasar Galmi a hukumar OAPI. Hanyar a buɗe take.

Masu kare kwali za su ce zamani ya canza, ma'aikaci ba shi da lokacin zama, saye a tafi da shi sauƙi ne. Wannan magana tana da gaskiya, sai dai ba sabon abu suka kawo ba. Tun kafin a ƙera wayar farko, matan Hausa na dafa abincin sayarwa a cikin gida, ana aiko yaro da kwano ya saya. Maƙwabta na aika wa juna akushi, a mayar da shi a wanke, wani lokaci da ɗan wani abu a ciki. Kwanon nan da ke zuwa yana dawowa shi ke riƙe zumunci. Abin da ya canza shi ne mazubi da kuma yadda ake ci. Leda ta maye gurbin kwano: ana zuba koko da miya mai zafi a cikinta, a ci a jefar, iska ta kwashe ta zuwa gonaki da bakin tafki, awaki su haɗiye. Dokar da Nijar ta kafa a 2014 ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma duk mai ido ya san inda aka kwana. Kwalin abincin Shinuwa ɗan'uwan ledar nan ne da ya sa riga mai tsada.

Ba a ce a mayar da hannun agogo baya ba. Tsohon tsarin yana da nasa tabo, kuma malamai sun fi kowa saninsa: yarinyar da ke ɗauke da farantin talla da safe ita ce wadda kujerarta ke zama wayam a aji. In akwai abin da ya cancanci a ara daga tsarin odar abinci ta waya, to shi ne wannan: mai masa ta karɓi saƙo a wayarta, ɗan kabu-kabu ya kai cikin kwano mai murfi, yarinya ta tafi lakwal. Nan fasaha ta yi wa gari aiki. Amma a ari waya don a nuna an fi ƙarfin tuwo, wannan asara ce biyu, ta kuɗi da ta mutunci.

Dangantakar Nijar da Sin ba ta jiya ba ce. An ƙulla huldar jakadanci a 1974, likitocin Sin sun fara zuwa aiki a asibitocin ƙasar tun 1976, matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011. Baƙon da ya daɗe haka dole a san abincinsa, kuma sanin ba aibu ba ne. Abin tambaya shi ne ko shi ma ya san na mai gida, da wane suna kuma aka gabatar masa da shi.

Nan aikin malamai ya shigo. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takarda ba ta dafa abinci, ba ta kuma raya kalma. Malamin Hausa na iya tura ɗalibai wurin iyayensu mata su rubuto yadda ake dambu daga surfe har sauke madambaci, da sunan kowane mataki da kowane kayan aiki. Malamin Faransanci na iya koya musu su rubuta ƙosai a cikin jimlar Faransanci yadda ake rubuta pizza, ba tare da neman gafara ba, sa'an nan su bayyana shi. Ƙungiyoyin al'adu, waɗanda ƙarfinsu ya fi tafiya ga rawa da kokawa, su tuna girki ma al'ada ne: a taronsu a ajiye akushi a tsakiya, a rubuta sunan kowane abinci da Hausa, a kira matar da ta dafa a gabatar da ita kamar yadda ake gabatar da mawaƙi. Tsofaffin da suka san girke-girken da ke ɓacewa ba za su jira a gama shawara ba.

Duk wanda Allah ya kai shi Kanton, ya nemi gidan shayi na halal, ya zauna da mutane, ya tambayi sunan abin da ke gabansa, ya ci da zafinsa. In ya dawo Madarumfa, tsarabar da ta fi amfani ita ce ya ba da labarin mutanen da suka ɗauki abincin safiyarsu da daraja har duniya ta koyi furta shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ranar da wani baƙo daga Guangdong zai zauna a bakin tafki ya nemi dambu da sunansa, ranar ce za a ce an yi musayar al'ada. Kafin nan, saye kawai ake yi.