Leƙa Ƙarƙashin Ƙasa: Shanshani Mai Ƙafa 382

Duk wanda ya taɓa taya babansa kwasar taki a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san abin da ake tararwa idan aka ɗaga juji mai laima: wani siririn shanshani, ruwan ɗorawa, kamar zare, yana murɗa jiki yana neman hanyar komawa ƙasa. Mu kuwa ba ma tsayawa kallo, sai mu bi shi da fartanya.

Ba shi ne babban shanshanin nan mai zafin cizo ba, kuma ba ƙadandoniya ba ne. Wannan a cikin ƙasa yake rayuwa, ba shi da ido ko ɗaya, yana farautar tana da ƙananan tsutsotsi. Uwar takan naɗe jikinta a kan ƙwanta har su ƙyanƙyashe.

Yana da ɗan'uwa can a tsibiran Fiji da ke tekun Fasifik. Sunansa a kimiyyance Gonibregmatus plurimipes (mu ma sai da muka maimaita sau uku kafin bakinmu ya iya), kuma wani masani Ba'amurke, Ralph Chamberlin, ya bayyana shi a 1920. Ƙafafunsa 382, wato 191 a kowane gefe, ba a san shanshanin da ya fi shi ba. Fiji kaɗai aka san shi. Idan ƙasar da yake ciki ta lalace, ba shi da wani gidan.

Namu ma yana cikin haɗari. Fatar shanshani ba ta riƙe ruwa, shi ya sa da rani yake nutsewa can ƙasa. Daga Gumel zuwa Maigatari kuwa yashi ne, ga sare itatuwa, ga mu muna ƙone sharar gona ƙurmus kafin shuka. Ganyen da ke riƙe masa laima shi muke cinna wa wuta.

Ga aikin damina. In kun samu ɗaya, ku ɗauke shi da tsinke, ba da hannu ba, ku sa a farar takarda, ku ƙirga ƙafafun gefe guda. Adadin zai fito mara, ba cika ba. Don haka babu shanshani mai ƙafa 100 daidai, duk da sunan da Turawa suka ba shi na nufin "ƙafa ɗari". Ku rubuta adadin da ranar da garin, ku nuna wa malamin bayoloji, sannan ku mayar da shi inda kuka same shi, ku rufe da ganye.