Cirozerin: shekara 50 da kwal, sai kuma me?

A 1975 aka kafa kamfanin Sonichar domin haƙar kwal a Anu Araren, kusa da garin Cirozerin na jihar Agadas a Nijar. A 2025 ya cika shekara 50. Murna ta halatta, amma akwai tambayar da ta fi biki muhimmanci: don wa ake haƙar kwal ɗin nan?

Amsar tana Arlit. An gina tashar da ke ƙona kwal ɗin ne musamman domin bai wa mahaƙan yuraniyum lantarki, sannan garuruwan yankin su samu rabonsu. Ke nan albashin ma'aikacin Cirozerin da cinikin ɗan kasuwarta sun rataya ne a kan ma'adinin da ake yanke farashinsa a ƙetare. Da Cominak ya rufe mahaƙarsa a 2021, babban mai sayen wuta ɗaya ya tafi.

Enugu ta tsira bayan durƙushewar kwal domin ta riga ta zama cibiyar mulki. Cirozerin ba ta da wannan gata. A ganina, lokaci ya yi da za a karkata wutar zuwa lambunan Abzin: injinan ban-ruwa da ɗakunan sanyi na adana albasa da dankali. Rami yana ƙarewa. Gari kuwa bai kamata ya ƙare tare da shi ba.