Kujerar Majalisa Ba Kyautar Sallama Ba Ce

'Yan uwa, ku tuna 16 ga Mayu 2006, ranar da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo tazarce. Ba soja ne ya hana ba, sanatoci ne suka ce a'a.

Sanatoci 109 da wakilai 360 ne ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa, sanatocin kuma su tantance ministoci. To don me in an zo fidda gwani muke barin manyan jam'iyya su yi mana ɗauki-ɗora da yaransu? Wallahi ɗan amshin shata ba ya iya cewa a'a. Wannan karon mu tsaya tun daga mazaɓa.