Wa Ke Ɗaukar Hoton Dajinmu?

Rubuta sunan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a YouTube ka ga abin da zai fito maka: gawarwaki a jere ana shirin yi musu sallah, rumbuna sun ƙone, ko samari da rawani da bindiga a kafaɗa suna cika baki. Bidiyon wannan yanki da ya fi zaga duniya shi ne na ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, su fiye da 300, da aka sace daren 11 ga Disambar 2020. Wanda ya ɗauki hoton nan yana cikin masu tsare da su. Yau ma 'yan bindiga na baje damman kuɗi a TikTok, ƙananan yaranmu na kallo. Mun bar wa ɓarayi kyamara, su ne ke nuna wa yaro yadda jarumi yake.

Shi ya sa nake kira da a fara yin finafinan wata jarumtar daban: ta masu hawan dutse da dogayen itatuwa da shiga rami, irin wadda ba ta taɓa raba kowa da gidansa ba. Na san za a ce, "Malam, mutane na tsoron zuwa gona, kai kana zancen fim?" Gaskiya ne, fim ba ya korar ɓarawo. Amma yaron da jininsa ke tafasa dole ya sami wanda zai kwaikwaya, kuma abin da ido ya saba gani shi zuciya ke bi.

A Amurka wannan fanni sana'a ce mai zaman kanta. Ranar 3 ga Yunin 2017 wani matashi, Alex Honnold, ya hau dutsen El Capitan da ke gandun Yosemite, mai tsayin kusan mita 900, ba igiya ba komai, cikin awa huɗu ba 'yan mintoci. Fim ɗin da Elizabeth Chai Vasarhelyi da Jimmy Chin suka yi a kai, Free Solo, ya ci kyautar Oscar a 2019. Masu kallo kan riƙe baki saboda tsayin dutsen, amma darasin yana cikin shirin da aka yi. Honnold ya daɗe yana bin hanyar nan ɗaure da igiya, yana rubuta inda zai sa kowane yatsa, har ya haddace. Sau ɗaya ya fara hawa, ya ji jikinsa bai ba shi ba, ya sauko, kuma aka bar wannan a cikin fim ɗin. Masu ɗaukar hoton su ma gwanayen hawa ne, suna rataye a jikin dutsen. A wuri mafi haɗari sai suka kafa kyamarori suka janye, don kada idon mutum ya dagula masa lissafi. Akwai inda mai ɗauka daga ƙasa ya juya wa kyamararsa baya, ya kasa kallon abokinsa. Haka ma Man on Wire na 2008, kan Bafaranshen nan Philippe Petit da ya yi tafiya a kan waya tsakanin tagwayen benayen New York a 1974: mafi yawan fim ɗin labarin shiri ne.

Mu ma muna da gwanaye, ba mu ɗauke su gwanaye ba ne kawai. Dubi mai cire zuma. Da dare zai hau doguwar bishiya ƙafa ba takalmi, bakin wuta a hannu ɗaya, ya ratsa reshe har inda ya ɗaure amyarsa, ya busa hayaƙi, ya zaro saƙa ya zuba a ƙwarya, ya zuro ta ƙasa da igiya, ƙudan zuma na yi masa guɗa a kunne. Ya san reshen da zai ɗauke shi da wanda zai ci amanarsa. Ga mai haƙar rijiya da ke sauka gaba goma yana dogara da 'yan ramukan da ya sassaƙa a bango. Ga masu haƙo farar ƙasa a Ƙanƙara. Ga yaran kiwo da ke bin awaki kan falalen dutse kamar a tsakar gida. Wanda ya bi titin Funtuwa ta Sheme da 'Yankara ya nufi Gusau zai ga Dutsen Kwatarkwashi, inda a da samari ke hawa bikin kamun mikiya. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna ƙarewa, ba wanda ya zaunar da su gaban kyamara.

Kannywood, tun daga Turmin Danya a 1990, ta fi sabawa da falo da lambun otal. Ban ga laifinta ba, can kasuwa take. Sai dai dambe ya nuna cewa akwai wata kasuwar: da aka fara ɗaukarsa da kyau ana sawa a YouTube, sai ga miliyoyin masu kallo har daga ƙasashen da ba su san kalangu ba. Abin da ya yi wa dambe zai iya yi wa mai hawan giginya.

Amma a yi hattara, don wannan aiki na iya kashe mutum ta hanya biyu. Ta farko, neman mabiya. Duk mai ɗaukar hoton da ya ce wa yaro "ƙara hawa sama kaɗan, bai fito ba", in yaron ya faɗo, alhakin na wuyansa. A ɗauki gwani yana aikin da ya saba, a nuna yadda yake gwada igiyarsa da ranar da yake cewa yau ba zan hau ba. Ta biyu, tsaro. A yankin da aka taɓa katse layukan waya a Satumbar 2021, baƙo mai kyamara abin zargi ne ga kowane ɓangare. Ba a shiga gari sai da sanin hakimi da jami'an tsaro. Ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izinin hukuma. Ba a nuna hanyar shiga ƙauye, ko inda ake ɓoye shanu, ko fuskar wanda zai kwana cikin fargaba bayan an tafi. Inda dutsen ke hannun ɓarayi, a bar shi, a fara da na bakin gari.

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina na iya buɗe wannan ƙofa da ɗan kuɗi kaɗan: gasar gajerun finafinai na minti goma, da wayar hannu, ga 'yan asalin ƙananan hukumomin nan uku, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tare da horo kan sauti da kiyaye rai kafin kowa ya fita. Su suka san wa za a tambaya da inda ba a zuwa. Sharaɗi ɗaya kawai zan roƙa a gindaya: duk fim ɗin da aka jefa ran wani cikin haɗari don a burge alƙalai, a fitar da shi daga gasar.