Wutar Sola: A Yi Lissafi Kafin A Zuba Kuɗi

Ya ku manoma da malaman gona na ƙasar Kontagora, ƙananan tashoshin wutar hasken rana sun fara yawaita a karkarar Jihar Neja. A watan Disamba na 2019 aka buɗe tashar ƙauyen Rokota da ke ƙaramar hukumar Edati, mai ƙarfin kilowat 64, a ƙarƙashin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara da tallafin Bankin Duniya. Wannan ci gaba ne. To amma ra'ayinmu shi ne, duk ƙungiyar manoman da za ta tara kuɗi ta kafa irin wannan tasha, kada ta dogara da lambar da aka rubuta a jikin faranti.

Kilowat ƙarfin tasha ne a lokacin da rana ta take. Yunit kuwa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, shi ne wutar da za ku samu ku yi aiki da ita. A yankinmu cikakkiyar rana ba ta wuce kimanin awa 5 a yini. Zafi da ƙura da wayoyi da inbata kuma suna cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar. Saboda haka farantai masu kilowat 10 za su ba ku kimanin yunit 40 a rana. Injin casar shinkafa mai kilowat 7.5, idan ya yi awa 4 yana aiki, ya sha yunit 30. Saura 10 ke nan ga famfon ban ruwa da fitilu da firji.

A tuna kuma cewa markar watan Agusta da hazon hunturu suna rage wuta, sannan inji yakan ja ninkin wutarsa sau da dama a lokacin tayar da shi.

Don haka malamin gona ya zauna da manoma a rubuta kowane inji da awoyin aikinsa. A tambayi mai kafa tasha yunit nawa za ta bayar a Agusta, ya rubuta a takardar yarjejeniya. A riƙa casa da niƙa tsakanin hantsi da azahar domin a sauƙaƙa wa batir, a kuma wanke farantai da sassafe lokacin hunturu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.