Kada Mu Bari Muryoyin Gida Su Mutu A Cikin Aljihu

Kwanan baya wani dattijo a unguwar Longsight da ke Mancesta ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a, ya ciro wata tsohuwar iPod, ya ce: "Ɗana, duba mini wannan, ta ƙi tashi." Ya ce ya kai ta wani shago an ce ya jefar kawai ya sayi waya. Abin da mai shagon bai sani ba shi ne, a cikinta akwai waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, har da muryar mahaifiyarsa da aka kwafo daga kaset kafin ta rasu. Wannan ai ba abin jefawa a bola ba ne.

Kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ya daina yin samfurin Classic a 2014, sannan ya rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022. Ke nan duk wadda ta lalace sai dai gyara. Shi ya sa nake ganin aikin ya rataya a wuyanmu, mu matasa.

Ga yadda na bi da ta Baba. Da farko na canza wayar caji, na share ƙurar ramin da tsinken sakace, na bar ta a wuta awa guda. Sai na danne maɓallin Menu da na tsakiya tare, kamar daƙiƙa 8, har tambarin tuffa ya bayyana. Idan ka ji tana ƙas-ƙas a ciki, to faifan ajiyarta ne ke shirin mutuwa, ka gaggauta kwashe kayanka.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Idan ka haɗa ta da sabuwar kwamfuta, manhajar iTunes za ta tambaye ka ko ta goge abin da ke ciki ta zuba sabo. Kada ka yarda. Haka kuma kada ka taɓa Restore, don yana share komai. Ka buɗe ta kamar filashi, ka sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ka shiga iPod_Control, ka kwafe jakar Music dukkanta. Sunayen za su fito a hargitse, amma waƙoƙin suna nan. Sai bayan haka za ka yi maganar canza batir ko zuba sababbi, kuma ka zaɓi zubawa da hannu. Ƙananan na'urorin MP3 kuwa sun fi sauƙi, ja ka ajiye ne kawai.

Wasu abokaina na cewa ai komai yana YouTube. Gaskiya ne Shata, wanda ya rasu a 1999, yana can. Amma wa zai sa maka muryar kakarka a can? Wa zai sa waƙar da aka yi ranar bikin iyayenka a Zariya? Abin da ke intanet ma yau yana nan, gobe an sauke shi.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na Mancesta da 'yan uwanmu na Small Heath da Sparkbrook a Birmingham ita ce, mu ware Asabar ɗaya kowane wata. Matasa su zo da kwamfutocinsu, iyaye su zo da na'urori da kasusuwan da ke jibge a akwati. Kowane abu a yi masa kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a aika wa dangi a gida. Yaran da aka haifa a nan Ingila, waɗanda Hausarsu ke tangal-tangal, su ma za su ƙaru.

Da Baba ya ji muryar mahaifiyarsa, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace, amin.