"IN BA KA SO, KA BAR GARIN": AMSA GA MASU WANNAN MAGANA



Akwai wata magana da ta yi yawa a zongon nan, har ta zama kamar sanda, kowa ya ga dama sai ya ɗauka ya kwaɗa wa na ƙasa da shi. Da zarar yaro ya miƙe a wurin taro ya ce a karanta lissafin kuɗin da aka tara, ko ya ce a bar 'yan mata su ƙare makaranta kafin a yi musu aure, sai ka ji an ce, "Kai, nan ba a haka. In ba ka so, ka bar garin." Wani ma ya ƙara da cewa yaron ya lalace, ya zama ɗan Nefu. To, tun da su ne suka kawo sunan Nefu, bari mu buɗe tarihinta mu ga ko zagi ne, mu kuma ga yadda mai neman sauyi ya ke zama a ƙasar da masu ra'ayin riƙau su ke riƙe da kome.

An kafa jam'iyyar NEPU, wadda mutane su ke kira Nefu, a birnin Kano ran 8 ga Agusta 1950. Mutum takwas suka kafa ta, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin mawaƙi. Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a Maru, cikin Lardin Sakkwato, daga baya ya ajiye aikin ya komo gida, ya zama shugabanta a 1953. Kirarinsu "Sawaba", alamarsu tauraro. Abin da su ke nema kuwa shi ne a gyara mulkin En'e, talaka ya zaɓi wakilinsa da hannunsa, a raba alƙali da fada, a daina aikin tilas, a ba yara ilmi, maza da mata. Kada wani ya ce su kaɗai suka ga ɓarnar. A cikin watan Agustan nan na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, shi kuwa ba ɗan Nefu ba ne, a jam'iyyar NPC ya yi siyasarsa har ya zama Firayim Minista.

Ya kamata samari su san irin ƙasar da mutanen nan suka buɗe baki a cikinta. Ɗan doka na En'e ne, alƙali En'e ta naɗa shi kuma ita ke biyansa, gidan yari ma nata ne, sarki kuwa shi ne kan En'e. Watau wanda ka ke kuka da shi, shi zai aiko a kama ka, yaronsa zai yi maka shari'a, wani yaron nasa zai tsare ka. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. In za ku yi lacca sai kun nemi izini a wurin waɗanda za ku soka, in sun hana kuka taru, an same ku da laifin taro ba izini. In ka ambaci sunan sarki a kan dandali, an ce ka yi zagi, sai bulala ko ɗauri. Ba ma sai an kai ga kotu ba. Dagaci da mai unguwa su ke yanka wa kowa harajinsa, sabo da haka ɗan Nefu ya kan wayi gari nasa ya fi na maƙwabcinsa. Mai rumfa a kasuwa a karɓe rumfar, malamin makaranta ko na asibiti a sallame shi, mai neman aure a ce ba a ba ɗan iska 'ya. A 1953 har wata ƙungiya ta fito a Kano da a ke kira 'Yan Mahaukata, aikinsu dūkan 'yan Nefu.

Zaɓen 1951 ma abin dubawa ne. Hawa-hawa aka yi shi: talakawa su zaɓi waɗansu, waɗannan su zaɓi na gaba, har a kai matakin ƙarshe, a can kuma aka ba En'e ikon ta cusa mutanenta, ɗaya bisa goma na masu zaɓen. Nefu ta yi ƙarfi a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya nata bai shiga Majalisa ba. A zaɓen Tarayya na 1959, da aka jefa ƙuri'a kai tsaye, NPC ta sami kujera 134, Nefu ta sami 8, Malam Aminu ya ci Kano ta Gabas. Takwas a gaban ɗari da talatin da huɗu! Duk wanda ya riƙe tauraro a shekarun nan ya san ba mulki zai samu ba. A unguwarsa shi ne saniyar ware, wani lokaci har a cikin gidan ubansa.

Mu mutanen ƙasar nan muna da rabo a cikin labarin, domin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya mahaifinta mutumin Gana ne, ya tafi aikin jirgin ƙasa a Nijeriya, mahaifiyarta Banufiya. An haife ta a 1933, ta shiga Nefu tana yarinya, ta shugabanci matan jam'iyyar, aka doke ta, aka kore ta daga Kano, aka ɗaure ta har sau 16 bisa ga yadda a ke ƙirgawa. Babban laifinta shi ne ta ce mata su ma a ba su ƙuri'a. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Yau wane dattijo ne zai ce matarsa ta yi saɓo don ta shiga layin zaɓe?

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Masu cewa "ka bar garin" ba su kan tsaya a nan ba, su kan jawo addini su ce biyayya ga shugaba wajibi ce, mai tambaya kuwa mai tada fitina ne. Haka malaman fada suka riƙa faɗa wa 'yan Nefu, musamman bayan sun ƙulla ƙawance da NCNC, aka ce sun sayar da Arewa ga waɗanda ba Musulmi ba. Wannan fage namu ne, mu masu allo da littafi, sabo da haka ba za mu bar maganar ta wuce ba.

Abin da malamai suka hana shi ne zare takobi a kan shugaba, don gudun zubar da jinin bayin Allah. Nasiha ga shugaba kuwa umarni aka yi da ita, biyayya kuma an ɗaure ta da sharaɗin ta kasance cikin abin da ya ke daidai. Imamu Malik, wanda duk zongon nan mazhabarsa mu ke bi, gwamnan Madina ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce, don ya ƙi janye fatawarsa cewa sakin da aka tilasta wa mutum bai saku ba. Masu mulki sun gane cewa in haka ne, mubaya'ar da aka karɓa da tilas ita ma ba ta ɗauru ba. Bai zare takobi ba, bai kuma bar Madina ba, ya zauna a garinsu ya ci gaba da karantar da Muwaɗɗa. Shi ma ɗan iska ne?

Mu sauko kusa da gida. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a sauƙaƙa wa talakawa haraji, a saki waɗanda a ke tsare da su, a bar shi ya yi wa'azi. Da mulki ya kai hannun Yunfa, sai ya aika wa Shehu ya kwashi iyalinsa ya bar Ɗegel. Jama'a, ku ji fa: maganar nan ta "ka bar garin" a bakin Yunfa mu ka gaje ta. Sakamakonta kuwa hijira zuwa Gudu a 1804 da abin da ya biyo baya, wanda kowa ya sani. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya jera ayyukan da ya ke tuhumar sarakunan zamaninsa da su, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da a ke kai wa masu mulki. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da Nefu ta tarar suna nan daram bayan shekara ɗari da hamsin, a ƙarƙashin jikokin masu tuta. Ƙanen Shehu kuma, Malam Abdullahi, da ya ga jama'arsu ta fara karkata ga duniya tun ana cikin jihadi, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam don su san iyakar mai mulki. Waɗannan littattafai suna cikin gafakar malamanmu. Abin mamaki, an fi son karanta mana babin alwala sau goma da a buɗe ɗaya daga cikinsu sau ɗaya.

Kuma ku sani jagororin Nefu ba 'yan tasha ba ne. Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, mahaifinsa Malam Yusufu a kotun alƙalin Kano ya yi aiki. Malam Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya rasu a 1958, masanin Larabci da fiƙihu ne kuma ɗan boko, a cikin waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna su gyara kafin abin da ya sami sarakunan Indiya ya same su. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Da hujjar Shehu suka ƙalubalanci magadan Shehu, abin da ya sa maganarsu ta yi zafi ke nan. Da mutanen nan sun bi shawarar masu cewa a bar gari, sun tattara sun koma Ikko, da fada ta sha ruwan sanyi. Suka ƙi, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Kwanaki kuwa sun gaskata su a wurare da dama. A 1963 gwamnatin NPC da kanta, bayan binciken Muffett a kan baitulmalin En'e ta Kano, ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Ko da ya ke waɗansu suna ganin akwai siyasa a ciki, binciken kuɗin da a da a ke ɗaure mutum don ya neme shi, ga shi gwamnati ta yi. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar Nefu, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Shi Balarabe, da ya ke 'yan NPN ne suka fi yawa a majalisar jiharsa, sun ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a ƙarshe suka tsige shi a watan Yuni 1981. Malam Aminu ya rasu a 1983, yau filin jirgin saman Kano sunansa ya ke ɗauke da shi, alhazai ta nan su ke tashi.

Kada dattawa su ce na ɗora wa rawani laifi duka. Mai kwat ma in ya sami iko ya kan yi haka, mu kuwa mun gani da idonmu a ƙasar nan. A 1957, shekarar samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga Kumasi zuwa Nijeriya don suna ɓangaren adawa, da suka kai ƙara kotu sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a kashe shari'ar. A 1969 kuma dokar Busia ta korar baƙi ta watsa gidaje da yawa a zongunanmu. Mutanen da aka taɓa ce wa kakanninsu "ku bar ƙasar", aka loda su a manyan motoci, su ne za su buɗe baki su ce wa ɗan cikinsu ya bar gari? Subhanallahi!

Ku kuma samari, kada ku karanta wannan ku ɗauka na ba ku lasin rashin kunya. Nefu ma tana da nata 'yan ta-kife da mawaƙan zambo, ba su ƙara mata kome ba sai ba abokan gāba hujja. Wanda ya zagi furfura a bainar jama'a ya rushe maganarsa da kansa, ko da gaskiya ce. Waɗansunku kuma neman sauyinsu a bakin shagon shayi ya ke ƙarewa, ranar taro ba a ganinsu, kuɗin ƙungiya ba su biya, in an zo gyaran maƙabarta ko kwalbati suna barci. Mutanen da mu ke magana a kansu sun biya da fatar bayansu. Ku durƙusa ku gai da dattijo yadda aka koya muku, ku tuɓe takalmi, sa'an nan ku miƙe ku yi tambayarku, in an ƙi amsawa ku sake yin ta a taro na gaba.

Iyayenmu, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke. Wanda ya ce a rubuta kuɗin jama'a a karanta a gabansu bai fita daga tarbiyya ba. Sabo da haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu abu biyu a taro mai zuwa: ma'aji ya zo da littafinsa ya karanta shiga da fita, kuma duk wanda ya ɗaga hannu, yaro ne ko mace, a bar shi ya kai aya kafin a amsa masa. Ni zan kasance a sahun gaba, da Kitabul Farƙi a hannuna, ga duk malamin da ya ke son mu buɗe shi tare.